Yadda za ka auna tsada da amfanin 'yan tsaron baya a ƙwallon Amurka

A watan Yulin 2025 ƙungiyar New York Jets ta ba ɗan tsaron bayanta Sauce Gardner kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 120.4. Ba a cika wata huɗu ba ta miƙa shi ga Indianapolis Colts. Wanda ya saba da ƙwallon Turai zai ce ko dai an yi faɗa, ko kuwa shugabannin ba su san abin da suke yi ba. A NFL kuwa, babbar gasar ƙwallon Amurka, wannan lissafi ne, kuma lissafin yana da hanya. Idan ka bi ta, za ka iya ɗaukar kowace daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar ka faɗi ko kuɗin da take zubawa a kan 'yan bayanta yana dawo mata da riba ko asara take tafkawa.

Abin da kake buƙata kaɗan ne: takarda, biro, kalkuleta, da shafukan da ke tattara kwantiragin 'yan wasa, irin su Over The Cap da Spotrac. Alƙaluman wasa kuma suna Pro Football Reference.

Mataki na farko: san su waye, kuma nawa ne

Mutum goma sha ɗaya ne ke tsaro a fili. Na gaba suna kokawa da ƙattin abokan hamayya don su kai ga kwatabak, wato mai jifan ƙwallo. Na tsakiya suna toshe masu gudu. Na can baya su ne namu, kuma iri biyu ne. Akwai kwanabak, mai tsayawa a gefe yana bin mai cafkar ƙwallo sawu da ƙafa, yawanci da baya da baya yake fara gudu. Akwai sefti, mai tsayawa a can ƙurya, wanda in aka wuce shi sai dai a ƙirga maki.

A littafi huɗu ne: kwanabak biyu, sefti biyu. A fili kuwa yau biyar ne suka fi yawa, saboda ƙungiyoyi sun koma fito da masu cafka uku a lokaci guda. Na biyar ɗin, wanda ake kira nikel, yana riƙe wanda ya tsaya ta ciki. Don haka kada ka rubuta suna huɗu. Rubuta biyar a sama, ka ƙara sauran a ƙasa, domin cikin 'yan wasa 53 da aka yarda ƙungiya ta riƙe, kusan goma 'yan baya ne, kuma wasa 17 ba ya ƙarewa ba tare da an nemi na shida da na bakwai ba.

Mataki na biyu: mayar da dala ta koma kaso

Nan ne yawancin masu gardama ke ɓata hanya. A Ingila, Liverpool ta biya fam miliyan 75 ta ɗauki Virgil van Dijk a 2018, kuma wannan bai rage wa Salah ko sisi ba. A NFL akwai rufin albashi: kuɗin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya a shekara, babu mai wuce shi ko da mai ƙungiyar rijiyar mai gare shi. A 2024 rufin dala miliyan 255.4 ne, a 2025 ya koma 279.2. Tuwo ɗaya ne a kwano ɗaya, wanda ya yi babbar loma ya rage wa na kusa da shi.

Tunda rufin yana tashi kusan kowace shekara, lambar dala kaɗai ba ta gaya maka komai. Ka ɗauki matsakaicin abin da ɗan wasa zai samu a shekara, ka raba da rufin shekarar da aka sa hannu. Gwada da manyan kwanabak na shekaru goma sha biyar ɗin nan. Nnamdi Asomugha ya karɓi miliyan 12 a shekara a 2011, rufi kusan miliyan 120: kashi 10 cikin ɗari. Richard Sherman, miliyan 14 a 2014, rufi 133: kashi 10.5. Josh Norman, miliyan 15 a 2016, rufi 155: ƙasa kaɗan da kashi 10. Jalen Ramsey, miliyan 20 a 2020, rufi 198.2: kashi 10. Patrick Surtain II, miliyan 24 a 2024: kashi 9.4. Gardner, miliyan 30.1 a 2025: kashi 10.8.

Ka ga abin da ya fito? Kowane daga cikinsu jaridu sun yi ta kururuwar tsada a lokacinsa, amma farashin gwanin kwanabak bai motsa daga kewayen kashi goma ba. Wannan shi ne mudunka. Duk kwanabak da ya kai kashi tara ko goma, ƙungiya tana cewa yana cikin biyar na farko a duniya, kuma da wannan ma'aunin za ka yi masa hisabi. Sefti a al'ada ya fi araha, ko da yake tazarar tana raguwa: Antoine Winfield Jr. ya karɓi miliyan 84.1 na shekara huɗu a 2024, Kyle Hamilton kuma miliyan 100.4 a 2025, kusan kashi 9.

Ka kuma duba wanda suke riƙewa nawa yake ci. Ja'Marr Chase, mai cafka na Cincinnati Bengals, yana kan miliyan 40.25 a shekara, sama da kashi 14. Dak Prescott, kwatabak na Dallas Cowboys, miliyan 60. Kasuwa ta fi daraja mai kai hari a kan mai tare shi, kuma akwai dalili, za mu zo kansa.

Mataki na uku: tone kwantiragin, ka jefar da kanun labari

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ne ya fi biya.

A ƙwallon Turai, in an ba ka shekara biyar, shekara biyar za a biya ka ko kana benci. A NFL ƙungiya tana iya sallamar ka gobe, abin da kawai za ka tafi da shi shi ne wanda aka yi maka garanti. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Darrelle Revis. A 2013 Tampa Bay Buccaneers ta ba shi shekara shida a kan miliyan 96, amma ba garantin ko dala ɗaya. Ya buga kaka ɗaya, ya karɓi miliyan 16, aka sallame shi. Miliyan 80 ɗin da ta rage ba ta taɓa wuce tawada a takarda ba.

To abubuwa uku za ka nema a kowane kwantiragi: kuɗin sa hannu, albashin kowace shekara, da jimillar garanti. Kuɗin sa hannu ana biyan sa nan take, amma a littafin rufi ana raba shi daidai a kan shekarun kwantiragin, har zuwa shekara biyar. Bari mu ƙaga misali mai sauƙin lissafi. Kwanabak ya sa hannu a shekara huɗu, miliyan 80. Kuɗin sa hannu miliyan 24, wato shida-shida a littafi. Albashinsa kuma 6, sai 14, sai 17, sai 19. Nauyinsa a kan rufi zai zama 12 a shekarar farko, 20 a ta biyu, 23 a ta uku, 25 a ta huɗu.

Shekarar farko kowa yana murna, gwani a kan miliyan 12. Yanzu a ce bayan shekara biyu ƙafarsa ta yi sanyi, aka sallame shi. Albashin 17 da 19 sun tafi da iska, in ba a yi musu garanti ba. Amma ragowar kuɗin sa hannu, miliyan 12, yana faɗowa kan littafi a matsayin mataccen kuɗi: ana lissafa shi a rufi alhali mutumin yana buga wa wata ƙungiya. Ribar sallamar miliyan 11 ce kawai, 23 a cire 12. Abin da ya shiga aljihunsa kuwa 24 da 6 da 14 ne, miliyan 44 a shekara biyu. Kwantiragin da aka sanar a matsayin ashirin a shekara ya zama ashirin da biyu a shekara na shekara biyu, da wutsiya.

Saboda haka ga tambayar da za ka rubuta a gaban sunan kowane mai tsada: wace shekara ce ta farko da ƙungiya za ta iya rabuwa da shi ba tare da mataccen kuɗi ya fi ribar ba? Daga yau zuwa wannan shekarar shi ne ainihin tsawon kwantiragin. Ka kuma lura da ƙungiyoyin da ke mayar da albashi kuɗin sa hannu kowace shekara don su sami sarari. Bashi ne, kuma bashi hanji ne.

Akwai kuma tambarin riƙo, wanda ƙungiya ke liƙa wa ɗan wasa ɗaya a shekara don kada ya tafi. Shekara ɗaya ce, garanti duka. A 2024 na kwanabak miliyan 19.8 ne, na sefti 17.1. Yana da amfani a lissafinka, domin daga nan wakilin ɗan wasa ke fara ciniki.

Mataki na huɗu: auna aikin, ba da ƙwace kaɗai ba

Lambar da kowa ya fi so ita ce yawan ƙwallon da ɗan baya ya ƙwace a iska. Ita ce ake nunawa a bidiyo, ita ce kuma ta fi yaudara. Asomugha, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Amurka, ya ƙwace takwas a 2006. A kaka huɗu da suka biyo baya uku kacal ya samu gaba ɗaya, kuma a lokacin ne aka fi jin tsoronsa. Masu jifa sun daina kallon gefensa, mutum ba ya ƙwace abin da ba a jefo ba. A ɗaya gefen ga Trevon Diggs, wanda ya ƙwace goma sha ɗaya a 2021, amma a kakar nan yana cikin waɗanda aka fi cin yadi a kansu, saboda yana yawan yin caca da matsayinsa. J.C. Jackson ya tara 25 a kaka huɗu a New England Patriots, Los Angeles Chargers ta ba shi miliyan 82.5 a 2022, garanti miliyan 40. Wasa bakwai ya buga musu. Ya yi mummunan rauni a gwiwa, aka mayar da shi inda ya fito a farashin da bai taka kara ya karya ba.

Ga abin da ya fi dacewa ka duba. Sau nawa aka jefa wa wanda yake riƙe, idan aka kwatanta da yawan lokutan da ya tsaya tsaro? Cikin waɗanda aka jefa, nawa aka cafke, kuma yadi nawa aka ci? Laifi nawa aka busa masa? Kada ka raina wannan na ƙarshe. A NFL in ɗan baya ya tare mai cafka kafin ƙwallo ta iso, a wurin da aka yi laifin ake ajiye ƙwallo, ko yadi arba'in ne. Tun 1978 aka hana ɗan baya taɓa mai cafka bayan yadi biyar na farko, a 2004 kuma aka ƙara tsaurara busa wannan laifi. Dokar tana gefen masu hari, shi ya sa ko gwani ba ya iya rufe mutum har abada.

Kada ka yanke hukunci da kaka ɗaya. Lambobin 'yan baya suna hawa da sauka fiye da na kusan kowane matsayi, don haka ɗauki kaka uku a jere. Sai ka ƙara shekarun haihuwa. Aikin kwanabak gudu ne da juyi, kuma kusa da shekara talatin ake fara ganin taku guda ya ɓace. Akwai masu karya wannan ƙa'ida, Darius Slay ya ɗaga kofi yana ɗan 34, amma ba a gina kasafi a kan su.

In kana da hali ka kalli wasa ɗaya ka ƙyale ƙwallon, ka zuba wa mutum ɗaya ido. Na taɓa yin haka a wani wasan dare, gari ya yi tsit sai ƙarar janareto. Kwanabak ɗin da nake bi ba a ambaci sunansa ba har aka tafi hutu. Sau uku na ga kwatabak ya juya kai gefensa, ya ɗan yi jim, ya maida kai ɗaya gefen, na ukun ma kafin ya gama juyawa ƙatti sun danne shi. A takardar alƙaluma babu komai a gaban sunan mutumin nan.

Mataki na biyar: tambayi tsarin da ya yi suna a ciki

Riƙon mutum da tsaron yanki sana'o'i biyu ne. Asomugha ya yi suna a Oakland Raiders yana manne da mutum ɗaya tun daga layi. Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 2011 yana ɗan shekara 30, miliyan 60 na shekara biyar, ta riƙa sa shi tsaron yanki da yawo a fili. Kaka biyu aka sallame shi. Ba su daddara ba: a 2015 suka ba Byron Maxwell miliyan 63, mutumin da ya yi fice a Seattle da Sherman a ɗaya gefen da sefti Earl Thomas a bayansa. Kaka ɗaya ya yi. Duk lokacin da ka ga an sayi ɗan baya daga wata ƙungiya, ka tambaya wa ke kewaye da shi a can, kuma aikin da ya iya ne za a ba shi a nan.

Ka duba na gaba ma. A Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, na 9 ga Fabrairun 2025, Eagles ta kayar da Patrick Mahomes, kwatabak na Kansas City Chiefs, sau shida da mutum huɗu kawai, ba ta ƙara ko ɗaya daga baya ba. In kwatabak ba shi da daƙiƙa uku, kwanabak na tsaka-tsaki ma sai ya zama gwani.

Mataki na shida: haɗa su duka, ka nemi inda bango ya tsage

Ga dalilin da ya sa mai cafka ya fi mai riƙe shi tsada. Kwatabak yana iya neman gwanin mai cafkarsa sau goma sha biyu a wasa. Gwanin kwanabak kuwa ba shi ke zaɓar inda ƙwallo za ta je ba. Abokan hamayya za su ƙyale shi su tasa ma mafi rauni cikin biyar ɗin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina, ƙungiya mai mutum biyar masu kyau ta fi mai gwani ɗaya da ramuka biyu, ko da kuɗin ɗaya ne.

Don haka tara nauyin dukkan 'yan bayan a kan rufin bana, ka fitar da kasonsu, ka haɗa da mataccen kuɗin waɗanda aka sallama daga wannan sashe, domin shi ma kuɗin 'yan baya ne. Sannan ka ja layi ƙarƙashin sunan mafi rauni cikin biyar na farko, da na wanda zai shigo in gwanin ya ji ciwo.

Daga nan ka ƙirga nawa ne ke kan kwantiragin farko. Tun 2011 albashin sabbin 'yan wasan da aka zaɓo daga jami'o'i ƙayyadadde ne: shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen. Nan riba take. Seattle Seahawks da ta lallasa Denver Broncos 43 da 8 a Fabrairun 2014 ta samo Sherman da Kam Chancellor a zagaye na biyar ne, Maxwell a na shida. Da lokacin biyan su ya yi, sai da aka rage wa wasu sassan. Kansas City Chiefs ta bar Charvarius Ward da Tyrann Mathieu suka tafi a 2022, ta zaɓo Trent McDuffie, Bryan Cook, Joshua Williams da Jaylen Watson, ta ci kofi biyu a jere. A 2024 ta sake yin haka da L'Jarius Sneed: ta liƙa masa tambari, ta miƙa shi ga Tennessee Titans, waɗanda suka ba shi miliyan 76.4, ya buga wasa biyar a kakar. Ita kuma Eagles ta zaɓo Quinyon Mitchell da Cooper DeJean a 2024. Kwantiraginsu su biyu, na shekara huɗu, duka-duka kusan abin da Surtain ke samu ne a shekara ɗaya, kuma DeJean ne ya ƙwace jifan Mahomes ya ruga da shi har gida ranar da ya cika shekara 22.

Wannan ba ya nufin kada a biya kowa. Denver ta zaɓi Surtain da kanta, ta san shi ciki da bai, ta biya shi yana ɗan 24, a kakar 2024 ɗin kuma aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaro na gasar. Da Jaycee Horn, Derek Stingley Jr. da Gardner suka ɗaga farashi a 2025, sai miliyan 24 ɗinsa ta koma araha.

Mataki na bakwai: in musanya aka yi, lissafa farashi biyu

A NFL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, da damar zaɓen sabbin yara ake biya. Wanda ya ba da zaɓin zagayen farko biyu ya biya sau biyu: albashin gwanin, da kuma matasa biyu masu arha da ba zai samu ba. Los Angeles Rams ta yi haka a kan Ramsey a 2019, ta ɗora masa miliyan 100, ta ci kofi a Fabrairun 2022. Ba wanda ya sake tambayar farashi. Seattle ta yi irin wannan a kan sefti Jamal Adams a 2020, zagayen farko biyu da na uku ɗaya da ɗan wasa, sannan miliyan 70 a 2021. A kakarsa ta farko ya kayar da kwatabak sau tara da rabi (rabin shi ne wanda suka kayar su biyu), abin da ɗan baya bai taɓa yi ba. Daga nan rauni ya bi rauni, aka sallame shi a Maris 2024.

Ka rubuta sunayen waɗanda aka zaɓa da damar da aka bayar, ko bayan shekara biyu ne, ka sa su a ɗaya gefen sikeli. Ɗaya daga cikin zaɓin da Seattle ta bayar ya zama na goma a 2022, da shi Jets ta ɗauki Garrett Wilson, wanda ya zama gwarzon sabon ɗan wasan hari na kakar. A daren nan dai, a zaɓi na huɗu, Jets ɗin ta ɗauki Gardner, wanda a Nuwamban 2025 Colts ta biya zagayen farko biyu da mai cafka Adonai Mitchell ta karɓa. A takardarka ta Colts, ka rubuta kashi 10.8 a gaban sunansa, ka bar layi biyu a ƙasa babu komai, na sunayen waɗanda aka ɗauka da damar nan biyu a zaɓen 2026 da na 2027.